Filin Tambaya da Amsa: Neman kakannin matata a Bradford

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Bradford ta ƙasar Ingila, matata baturiya ce ƴar garin, yanzu yaranmu sun taso mu gaba da tambayar asalin dangin uwarsu. Abin da ta sani kawai shi ne kakan kakanta ma'aikaci ne a masaƙar ulu. An ce min in nemi tsofaffin littattafan tarihin garin, shin zan samu sunansa a ciki?
Wani mai karatu daga Bradford

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya raya yaran. Gaskiya kar ka sa rai da ganin sunansa. Littafin da ake fara ambata shi ne na John James, The History and Topography of Bradford, na 1841, sai na William Cudworth, Round About Bradford, na 1876. Amma masu irin wannan rubutu manyan gari suka sa a gaba, limaman coci da masu filaye da masu masaƙu irin su Titus Salt da ya buɗe katafariyar masaƙarsa a Saltaire a 1853, lebura kuwa da ke tsaye gaban injin tun asuba ba wanda ya damu ya rubuta shi.

To amma kar ka yar da su, don amfaninsu na wurin sanin unguwanni ne. Kafin 1847 Manningham da Horton da Bowling kowanne zaman kansa yake, a shekarar ne aka haɗe su da Bradford ƙarƙashin hukuma ɗaya, kuma garin ya kumbura ne da baƙi, ƴan ƙauyukan Yorkshire da ƴan Ireland da yunwa ta koro daga 1845, har mutanensa suka haura dubu 100 a 1851. Kaga ke nan ba lallai ma a garin aka haifi kakan nan ba.

Sunansa a takardun gwamnati yake. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta fara a watan Yuli 1837, za ka iya bincika jerin sunayen kyauta a shafin intanet na FreeBMD. Ƙidayar 1841 ita ce ta farko mai sunayen kowa da kowa, sai dai ka yi hattara da shekarun manya a cikinta, ana rage su ne zuwa biyar-biyar, ɗan 38 sai a rubuta 35. Ta 1851 ta fi daɗi, tana faɗin garin da aka haifi mutum. Abin da ya wuce 1837 baya kuma sai rajistar coci, nan ma ka tuna ma'aikatan masaƙa da yawa ƴan ɗariƙar Kirista ta Methodist ne ba ƴan cocin gwamnati ba, don haka ka duba rajistar cocinsu ma.

Ku fara da takardar auren kakannin madam, tana ɗauke da sunan uban ango da na amarya da sana'arsu, daga nan sai ku riƙa ja da baya. In kun maƙale ku leƙa sashen tarihin gari na laburaren Bradford ko ofishin West Yorkshire Archive Service, ma'ajiyar tsofaffin takardun yankin. Ƙidayar 1931 dai kar ku wahalar da kanku, ta ƙone a gobarar 1942, rajistar 1939 ake amfani da ita a madadinta.