Filin Masu Kiwon Zuma: Na sa soso don zafi, zuma na fitar da shi gari-gari

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da amyar katako uku a garkata, bayan garin Tahoua, murfinsu na kwano ne. Bara da bazara saƙar ɗaya ta zube, zuman ta gudu. Bana sai na samo farin soson nan mai ƙwaya-ƙwaya da ake kare firji da shi a cikin kwali, na liƙa shi a bangon amyar ta ciki. Yanzu kullum ina ganin farin gari a bakin ƙofa, ga kiyashi sun cika wurin. Me na ɓata?
Mai karatu daga Tahoua

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tunaninka daidai ne, wurin da ka sa soson ne ba daidai ba. Ƙudan zuma na riƙe ɗakin ƙwai da tsutsa a kan digiri 34 zuwa 35. A Afrilu da Mayu zafin Tahoua kan haura 40 a inuwa, kwanon da ke cikin rana kuwa ya fi haka nesa. Kaki ba ya narkewa sai ya kai wajen digiri 62, amma tun kafin nan yake laushi, sai sabuwar saƙa mai nauyin zuma ta tsinke daga sandarta, wato ɗaya daga sandunan katakon da ake jerawa a saman amya, zuma na rataya saƙa a jikinsu.

Matsalar ita ce zuma ba ta barin baƙon abu mai taushi a gidanta. Tana gutsurar soson tana fitarwa, garin da kake gani ke nan. Ƙarfin da za ta sa a neman fure ya tafi a shara, wani ɓurɓushin kuma ya shiga saƙa ya ɓata maka zuma wajen tacewa. Ramukan da suka buɗe su ne maɓoyar kiyashi da tsutsar da ke cin kaki, don ƙuda ba ya iya bin su can.

Ka cire soson da yamma in zafi ya faɗi, da hayaƙi kaɗan, ka kankare sauran abin da ka manna da shi. In kana son amfani da shi, ka yanka mai kaurin santimita 3 zuwa 5 daidai faɗin amya, ka naɗe shi da buhun algarara ko ka rufe shi da siririn katako, ka shimfiɗa a bisa sandunan, ƙarƙashin murfi. Sandunan su haɗe da juna ba tazara, yadda ƙuda ba zai kai gare shi ba. Ka ɗaga kwanon da ƙananan itace biyu, a samu kamar santimita 5 da iska za ta ratsa. Kada ka shafa masa fenti mai mai, yana narkar da shi, kuma ko kusa kada guntunsa ya faɗa cikin abin hayaƙi, hayaƙinsa guba ne. Soson katifa kam a bar shi: yana shan ruwan damina, ya kawo fumfuna, katako ya ruɓe.

A ganinmu, rumfar zana ko shuci bisa amya ta fi kowane soso amfani. Ka nemi inuwar da ba ta kakkaɓe ganye da bazara, irin ta dogon yaro ko mangwaro. Ka ajiye ruwa kusa, a kasko mai tsakuwa ko karare don kada ƙudan zuman su nutse, domin da ruwa suke sanyaya gida, babbar amya kan iya shan lita guda a ranar zafi. Ƙafafun teburin kuma su zauna cikin gwangwanayen baƙin mai saboda kiyashi.

Tambaya: Na yanka bidon roba da rabin tano na yi amya. Zuma ta shiga sau biyu, ba ta kwana uku take tashi.
Wata baiwar Allah daga Madawa

Amsa: Hajiya, a fara tambayar me aka taɓa zubawa a ciki. In maganin ƙwari ne, gazuwal ko fetur, a jefar, wanki ba ya fitar da shi daga roba, kuma zai bi zuman zuwa bakin yara. In man girki ne, a wanke da toka da ruwan zafi, a shanya mako guda. Roba da ƙarfe ba sa shan gumi, cikinsu santsi ne, suna ɗaukar zafi da wuri. A kankare cikin ya yi kaushi, a goga kaki, a huda ƙananan ramuka biyu a ƙasa don ruwa ya tsiyaye, a yaɓe bayan da laka da kashin shanu kamar amyar ciyawa ta gargajiya.

Tambaya: Kafinta ya yanka min sanduna daga tsofaffin katakon kaya. Saƙa ta manne guda huɗu, in na ɗaga ɗaya duk su karye.
Ɗalibi daga Ƙonni

Amsa: Ɗan'uwa, faɗin sandunan ne ya saɓa. Zumarmu ta Afirka tana buƙatar milimita 32 daga tsakiyar saƙa zuwa ta kusa da ita. Ka kai wa kafinta ma'auni ya yanka duka daidai, ka ja layin narkakken kaki a tsakiyar kowace sanda ta ƙasa, amyar kuma ta zauna ba karkata. Waɗanda suka riga suka manne, ka raba su da doguwar wuƙa, ka ɗaure kowace saƙa mai tsutsa a sabuwar sanda da ƙyallen auduga. Zuman za ta liƙe ta cikin ƴan kwanaki ta gutsure ƙyallen da kanta.