'Yan siyasar Amurka ne suka ɓata mini ɗa?

Tambaya: Likita, a Amurka muke zaune. Ɗana mai shekara 16 ya gaya mini maza yake so, tun daga ranar ba ya cin abinci, ba ya fita. Yayana ya ce laifin 'yan siyasar nan ne masu ɗaure wa irin yaran gindi, a mayar da shi gida a gyara shi. Barci ya gagare ni.

Amsa: Hajiya, Allah ya kawo sauƙi. Maganar 'yan siyasa gajeruwa ce. A 2010 tsangwama ta sa wasu matasa irin ɗanki sun kashe kansu a jere, shi ne Obama da Hillary Clinton suka yi bidiyo suna roƙon irin waɗannan yara kada su yanke ƙauna. A Yulin 2025 kuma gwamnatin Trump ta rufe sashen da aka ware musu a 988, layin wayar agaji na masu tunanin kashe kansu. Yau su goyi baya, gobe su janye, amma jawabinsu ba ya dasa wa yaro sha'awa.

Wannan "gyara" ita ce ke tayar mini da hankali, don kullum sai na ji ta a bakin iyaye. Babu allura, babu rubutu, babu duka ko horon yunwa da aka tabbatar yana sauya wanda mutum ke so. Tun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan daga jerin cututtuka. Exodus International, ƙungiyar da ta shafe shekara fiye da 30 tana tallar gyara, ta rufe a 2013, shugabanta ya nemi gafarar waɗanda aka cutar. Amma har gobe masu neman kuɗi suna cin kasuwar tsoron iyaye! Wane gida za a kai shi? Mun ga gidan marin da 'yan sanda suka fasa a Rigasa, Kaduna, a 2019, aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da mari a ƙafa. Wani bincike na 2009 a Amurka ya gano matasan da iyaye suka juya wa baya sosai sun ninka sauran sau 8 wajen yunƙurin kashe kai.

Maganar addini tana tsakaninki da malamanki. Ni ran yaron nan ne a gabana. Yau ki zauna da shi, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa yaro tunanin. Ki kulle magunguna, da bindiga in akwai. Sashe ɗaya kawai aka rufe a 988, lambar kanta tana aiki dare da rana. Cikin makon nan ki kai shi wurin likitan yara, shi kuma yayanki ki ce masa babu tafiya.