Ƙauye mai mutum 128 ne hedkwatar gunduma a Amurka?

Tambaya: Na ji an ce a Amurka akwai ƙauyen da mutanensa ba su kai 200 ba amma shi ne hedkwatar ƙaramar hukuma. Gaskiya ne? In haka ne, ina mutanen suka tafi?

Amsa: Gaskiya ne, kuma ba ɗaya ba ne. Bari mu ɗauki ƙauyen Arthur da ke yammacin jihar Nebraska, hedkwatar gundumar da ita ma ake kira Arthur, sunan tsohon shugaban Amurka Chester Arthur. Ƙidayar 2020 ta samu mutum 128 a ƙauyen, gundumar kuma gaba ɗayanta mutum 434, alhali faɗinta ya kai kusan murabba'in kilomita 1,860. In ka raba, kowane mutum ɗaya zai samu fiye da murabba'in kilomita 4.

Sirrin yana ga ƙasar kanta. Arthur na cikin yankin Sandhills, wato tuddan rairayi, wanda ya cinye kusan rubu'in jihar Nebraska. Rairayi ne zalla, ciyawa ce ta lulluɓe shi ta riƙe shi wuri ɗaya. Ruwa ba shi ne matsala ba, domin akwai babban ma'ajin ruwan ƙarƙashin ƙasa na Ogallala, har yakan ɓullo ya yi tafkuna a kwarurruka. Matsalar ita ce garma. Da zarar ka huɗa wannan ƙasa ka tone ciyawar, iska ta kwashe gonar. Don haka kiwon shanu ne kaɗai ke ci a nan, shi kuwa yana son fili mai yawa da hannu kaɗan.

Mutane sun gwada noman. A 1904 aka yi dokar Kinkaid, wadda ta ba duk mai son zama a yankin eka 640, ninki huɗu na abin da aka saba bayarwa. Jama'a suka kwararo, gundumar ta ɓalle daga maƙwabciyarta McPherson a 1913, mutanenta suka haura 1,000. Sai dai eka 640 na rairayi ba ta ciyar da iyali. Da yawa suka sayar wa masu manyan garkuna suka kama gabansu, kuma tun daga lokacin adadin ke raguwa.

Ko itacen gini ƙasar ba ta da shi. Cocin da aka gina a ƙauyen a 1928, da ƙunshin tattaka aka tayar da bangonsa, aka yaɓe shi ciki da waje, kuma yana nan tsaye. Tsohuwar kotun gundumar ta 1914 kuwa ba ta wuce mita 8 da ɗoriya kowane gefe ba. Yanzu gidan tarihi ce.

Me ya sa ba a ɗauke hedkwatar ba? Ina za a kai ta? Babu wani gari a duk gundumar sai Arthur. Kuma aikin hedkwata a can bai danganci yawan jama'a ba: wuri ne na rajistar filaye, biyan haraji, zaman kotu da shirya zaɓe, ana son ya kasance kusa da makiyayi. A ganina kuskure ne mu auna ta da ma'aunin ƙananan hukumomin Nijeriya 774, inda hedkwata kan zama garin kasuwa da sarauta.

Arthur ma ba ita ce mafi ƙanƙanta ba. Brewster, hedkwatar gundumar Blaine a wannan yanki, mutum 17 aka ƙirga a cikinta a 2010.