Bayan an sa zoben tumbi, me za a daina sayowa?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Sati uku ke nan da aka yi mini tiyatar rage ƙiba, aka ɗaura mini zobe a saman tumbi. Maigidana ne ke yin cefane, kullum yana tambayata abin da zai daina sayowa. Me zan ce masa?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ƙara lafiya. Ki fara fahimtar aikin zoben, sauran zai zo da sauƙi. Roba ce ta silikon da ta zagaye saman tumbinki, ta bar wani ɗan aljihu da bai fi ɗaukar mililita 30 ba, da ƙaramar ƙofa da abinci ke bi ya sauka. Ba ta taɓa hanji ba, don haka duk abin da ya wuce ƙofar nan jiki zai tsotse shi kaf. Abincin da zai ba ki matsala kashi biyu ne: wanda ke maƙalewa a ƙofa, da wanda ke sulalewa ba tare da zoben ya tare shi ba.

Masu maƙalewa su ne burodi mai laushi da ke dunƙulewa kamar danƙo, shinkafa da taliya da suka yi caɓa-caɓa, busasshen nama ko mai jijiya, gugguru, gyaɗa, bawon tuffa, fatar da ke lulluɓe da tsokar lemon zaƙi, da ganyaye masu zare. Idan ɗaya ya tsaya, za ki ji nauyi a ƙirji, yawu ya cika baki, wani lokaci abincin ya dawo. Sau ɗaya ba tashin hankali ba ne. Amma amai a kai a kai yana iya sa zoben ya zame daga mazauninsa, kuma wannan yakan kai mutum ga wata tiyatar.

Kashi na biyun ya fi ba ni tsoro, domin ba ya ciwo. Ayis kirim, cakulan, madara mai zaƙi, ruwan 'ya'yan itace na kwali, biskit da ke narkewa a baki. Duk suna wucewa salin-alin, ki sha kalori ɗaruruwa ba ki ji ƙoshi ba. Mutane da yawa idan nama ya fara yi musu wuyar haɗiya sai su koma kan waɗannan, watanni su shuɗe sikeli bai motsa ba, su ce tiyatar ba ta yi ba. Don Allah kada su shiga kwandon cefane ko kaɗan.

A satinki na uku yawanci ana kan abincin da aka markaɗa ne, sai wajen sati na 4 zuwa 6 a fara mai ɗan tauri, gwargwadon tsarin likitanki. Abin da Maigida zai sayo: ƙwai, kifi mai laushi, kaza da za a dafa ta yi luguf da romo, yogot marar sukari, wake. Idan babu na'urar markaɗe a gida, ita ce sayayyar da ta fi cancanta yanzu. Ana son ki samu furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 60 zuwa 80 a rana, shi ya sa za ki fara da shi a faranti. Loma ƙarama, tauna sosai har ta zama kamar kunu a baki, ki ajiye cokali da zarar kin ji alamar cika.

Tambaya: Anti, ni matsalata lemon kwalba ce. Idan na koma wanda ba sukari, ya halatta?

Amsa: Malam, idan ka rabu da sukarin, wannan ci gaba ne, domin gwangwanin kola na mililita 330 yana ɗauke da sukari wajen giram 35. Amma iskar gas ɗin da ke cikin lemon tana nan. Ita ke kumbura ɗan aljihun, ta kawo gyatsa da ciwo, musamman a watannin farko. Ruwa zalla ya fi, lita 1.5 zuwa 2 a rana, kurɓi-kurɓi. Kada ka haɗa sha da ci: ka jira kamar minti 30 bayan cin abinci. Barasa kuwa kalori 7 ce a kowane giram, ga ta tana fusata bangon tumbi.

Tambaya: Ina yawan ciwon baya, na saba sayen ibuprofen. In ci gaba?

Amsa: A'a 'yar'uwa, kada ki sha sai likitan da ya yi miki aiki ya amince. Ibuprofen da aspirin da diclofenac suna iya yi wa tumbi gyambo. Yawanci farasitamol ake ba masu zobe, kuma gara na ruwa ko mai narkewa, domin babbar ƙwaya ma tana maƙalewa. Haka bitamin, ki nemi wanda ake taunawa. Idan kuma wata rana ko ruwa ya ƙi wucewa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ƙwannafi na tashinki cikin dare, ki je asibiti a ranar. Sau da yawa rage ruwan gishirin da ake ɗura wa zoben don ya matse ƙofar kawai za a yi, ta 'yar mashigar da aka binne miki a ƙarƙashin fata.