Tudun da ke Bakin Gonarmu Kabarin Mutanen Da Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A bakin gonar mahaifinmu, yamma da garin Sinnar a Sudan, akwai wani tudu shi kaɗai, kamar an kife ƙwarya, tsawonsa ya kai mita goma. Tsofaffi na cewa kabarin Anaj ne, wato mutanen da ake cewa sun zauna ƙasar nan a zamanin da. Kwanan baya wasu dahaba, wato masu neman zinariya, suka zo da jihaz, na'urar gano ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa, ya yi ta ƙara a kansa, suka ce zinariya ce a ciki. Yanzu ƙanena ya dage sai an haƙa, har yana shirin sayar da tumakinsa ya biya kuɗin loda, wato motar haƙa. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kafin komai ka riƙe ƙanenka, ko tunkiya ɗaya kada ta bar garke.

Ban ga tudun da idona ba, amma yadda ka siffanta shi ya fi kama da halittar Allah. Ƙasarku shimfiɗaɗɗiyar laka ce, nan da can kuma tsohon dutsen da ke ƙarƙashinta yakan leƙo waje, rana da ruwa su yi ta cin gefensa har ya zama dunƙule. Tudun kabari kuwa da wuya ka same shi shi kaɗai. Rukuni-rukuni suke, galibi a kan tsakuwa kusa da kwari ko kogi, yawancinsu ba su kai tsayin mutum ba. Manya-manyan, irin na Karma da Zuma da Tangasi a arewa, na sarakai da manyan gari ne, kuma su ma a cikin maƙabarta suke.

Ka je bayan an ɗauke ruwa ka duba inda zaizaya ta yanki gefensa. In ka ga dutse ɗaya ne ya zarce ciki, ko manyan duwatsun da ƙarti goma ba za su ɗaga ba, to ba hannun mutum ya tara shi ba. In kuwa ƙasa ce da tsakuwa a cakuɗe, ga zoben duwatsu daidai ɗaukar hannu a gindinsa, ga tsingaro a warwatse, ga ɗan loɓawa a tsakiyar kansa, to akwai magana. Kasancewar tudu halitta kuma bai hana a sami tarihi a gindinsa ba. Jabal Moya da ke kusa da ku dutse ne na asali, amma a kwarin da ke cikinsa aka tono kaburbura wajen 3,000 tsakanin 1910 da 1914, a aikin da Henry Wellcome ya ɗauki nauyi.

Sai zancen jihaz, wanda shi ne ke ci mini tuwo a ƙwarya kullum. Na'urar nan ba ta san zinariya da suna ba. Ƙarfe take ji, ko wane iri ne: tsohuwar ƙusa, kwanson harsashi, guntun garma, da ma'adinin ƙarfen da ke cikin dutsen kansa. Duwatsu da yawa a ƙasar nan suna ɗauke da shi, don haka tudun da babu komai a cikinsa sai dutse ma yana iya sa ta kuka. A watan Yulin 2020 masu neman zinariya suka shiga Jabal Maraga, kimanin kilomita 270 arewa da Khartum, da motocin haƙa biyu, suka yi rami mai zurfin mita 17. Suka shafe mazaunin da ya yi kusan shekara dubu biyu, alhali abin da ke sa na'urarsu ƙara wani ma'adini ne mai ƙyalli da ke shimfiɗe a cikin dutsen wurin. Duk da haka har gobe mutum zai zo ya ce mini, ai Malam ta yi ƙara. To ta yi, sai me?

Daga nan kuma sai ɗan tsibbu ya shigo. Ya ce aljani ne ke gadin dukiyar, a kawo turare mai tsada, a yanka baƙin bunsuru, a haƙa da dare kada kowa ya sani. In an kai mita biyar ba a ga komai ba, ya ce aljanin ya matsar da ita ƙasa, a ƙaro kuɗi. Shi ba ya shiga ramin. Yaranmu ne ke shiga, ba tokari, ba igiyar kirki, cikin ƙasar da ke tsagewa da rani ta kumbura da damina. Ramin da aka haƙa a ɓoye, in ya rufta, wa zai ji ihu? Mai loda ya karɓi nasa tun da safe, ɗan tsibbu ya karɓi nasa, uwa ce ake bari da kuka.

Ko da ma kabarin ne na gaske, abin da masu binciken kayan tarihi ke tararwa a yawancinsu tuluna ne, da duwatsun wuya, da kan kibiya na ƙarfe da ya yi tsatsa, da ƙasusuwan bawan Allah. Da yawa ɓarayin zamanin da sun riga kowa shiga, loɓawar nan da na ambata sawunsu ce. Zinariyar da ake ta ba da labari ta sarauniya Amanishaketo ta tsohuwar daular Kush ce, wadda Baturen Italiya Ferlini ya kwashe daga dalarta a Bajrawiya a 1834 bayan ya yi ɓarna mai yawa, yau tana Jamus. Ba a gonar talaka aka same ta ba. Tone kabarin mutum don kwaɗayi kuwa ba tarbiyyar gidajenmu ba ce, ko wane ne a ciki.

Dokar kare kayan tarihi ta 1999 ta mayar da duk irin waɗannan kaya mallakar ƙasa, haƙa ba izini laifi ne. Na san a halin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 kai rahoto na iya ɗaukar watanni ba amsa, abin na ƙona mini rai, amma jinkirin ofis bai halatta wa kowa haƙa ba. Ka ɗauki hoton tudun ta fuskoki huɗu da na wurin zaizayar, ka sanar da umda, wato mai garinku, a miƙa wa hukumar kula da kayan tarihi. Dahaban nan kuma mahaifinku ya gaya musu a gaban shaidu cewa bai yarda su sake taka gonarsa ba.