Filin Tambaya da Amsa: Sandar fatsa mai gaɓa nawa ya kamata in saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Gombe, kuma tun ina yaro nake fatsa da sandar gora da tana. Kusan kowace Asabar nakan hau babur in tafi madatsar ruwa ta Dadin Kowa. Ƙanena da ke karatu a Ingila ya yi alkawarin kawo mini irin sandar da Turawa ke jefa ƙugiya mai gashin tsuntsu da ita, amma ya ce in zaɓa tsakanin mai gaɓa 2, mai gaɓa 4 da mai gaɓa 7. Wani abokina ya ce duk sandar da gaɓoɓinta suka yi yawa ba ta da ƙarko. Shin gaskiya ne? Daga wani mai karatu, Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Maganar abokinka tana da tushe, sai dai zamani ya wuce ta, kuma kafin a gane dalili sai an duba yadda wannan sanda take aiki.

A fatsar da ka saba, nauyin tana da ɗan dalmar da ka ɗaura shi ke jan zare zuwa cikin ruwa. A wannan kuwa ƙugiyar ba ta da wani nauyi, gashin tsuntsu ne da zare aka ɗaure mata don ta yi kama da ƙwaro ko ƙaramin kifi, saboda haka igiyar ce aka yi wa nauyi, kuma sandar ce ke lanƙwashewa kamar baka sannan ta miƙe ta cilla ta. Duk abin da ya hana wannan lanƙwasa tafiya sumul daga mariƙi zuwa tsini zai ɓata jifa. A da, lokacin da ake yin sandunan da gorar ƙasar Sin, da bututun ƙarfe ake haɗa gaɓa da gaɓa, kuma ƙarfe ba ya lanƙwashewa tare da gora, yana kuma ƙara nauyi. Shi ya sa masuntan wancan zamani suka fi son mai gaɓa 2 ko 3. Daga farkon shekarun 1970 aka soma yin sanduna da girafayit, wani abu mara nauyi mai ƙarfin gaske, aka kuma koma zura bakin wata gaɓa cikin 'yar'uwarta ba tare da ƙarfe ba. A yau, idan aikin kamfani mai inganci ne, da wuya hannun mai koyo ya bambance mai gaɓa 2 da mai gaɓa 4 wajen jifa.

Abin da ya rage shi ne maganar ɗauka, kuma a nan ne babur ɗinka ya shigo. Yawancin waɗannan sanduna tsawonsu ƙafa 9 ne, wato kimanin mita 2.7. In an raba biyu, kowane ɓari ya kusa mita ɗaya da santimita 40, abin da zai riƙa leƙowa ta bayanka tsawon tafiyar kusan kilomita 40, tsakanin manyan motoci da Keke Napep. In an raba huɗu, kowace gaɓa ba ta wuce santimita 75 ba, kwanson da ake adana ta a ciki zai ɗauru a jikin jakar goyo, kuma ƙanenka zai fi samun sauƙin shigo da ita jirgi. Mai gaɓa 7 takan shige cikin jakar hannu, amma mahaɗa shida gare ta, kowace kuma wuri ne da ka iya sassautawa. An yi ta ne domin matafiyin da ke ƙirga kowane taƙi na akwatinsa, kai kuwa ba ka cikin wannan matsi. Shawarata ita ce mai gaɓa 4.

Sai dai ka sani, ba yawan gaɓoɓi ke karya sanda ba, sakaci da mahaɗa ne. Idan mahaɗa ta yi sako-sako kana ta jifa, bakin gaɓar da ke ciki zai riƙa cizon bangon ta waje har ya tsaga shi. Ni kaina na taɓa cilla igiya a bakin kogin Gongola sai na ga tsinin sandata ya bi ta ya faɗa ruwa, ƙugiyar da ta maƙale a zoben ƙarshe da igiya ke bi ce kawai ta dawo mini da shi, yaran masunta suna ta dariya. Tun daga ranar nakan goga ɗan kyandir a bakin kowace gaɓa, in zura ta a ɗan karkace sannan in murɗa a hankali har zobban da igiya ke bi su daidaita, kuma nakan sake taɓa mahaɗun bayan kowane ɗan lokaci. Da hunturu, ƙura da yashi ne abokan gaba, domin ƙwayar yashi ɗaya tana iya karce cikin mahaɗa ko ta sa ta cije. Ka goge da tsumma kafin ka haɗa, kada kuma ka ajiye gaɓoɓin a ƙasa. In ta cije, kada ka kama zobban ka ja, ka sa sandar a bayan gwiwoyinka, ka riƙe kowane ɓari da hannu ɗaya, ka buɗa ƙafafunka sannu a hankali.

Akwai abin da ƙanenka bai tambaye ka ba, alhali ya fi yawan gaɓa muhimmanci, wato lambar nauyin igiyar da ta dace da sandar, wadda aka rubuta kusa da mariƙi. Lamba 5 ko 6 ta isa ƙarfasa da ƙawara. In kana da burin tsage, sai lamba 8 ko 9, tare da ɗan guntun waya a gaban ƙugiya, domin haƙoransa suna datse zare nan take. Ka kuma roƙe shi ya tambayi mai shagon ko ana samun tsini na biyu, tunda shi ne ya fi saurin karyewa, kuma ba abu ne da za ka shiga kasuwar Gombe ka samo ba.