Me ya haɗa malami da ɗan gwagwarmaya a gidan yari?

Ɗan'uwa daga Daura, ka tambayi dalilin da ya sa masu mulki ke tsare malaman addini da masu fafutukar dimokuraɗiyya alhali tafiyarsu ba ɗaya ba ce. A ganina, dukkansu suna iya tara jama'a ba da kuɗin gwamnati ko izininta ba, wanda kuwa ya hau mulki da bakin bindiga ba ya tsoron komai kamar taron da ba shi ya kira ba.

Mu a Katsina ganau ne. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa yana cikin waɗanda suka dage a taron tsarin mulki cewa soja su sauka a Janairun 1996, sai a watan Maris na 1995 gwamnatin Abacha ta kama shi bisa zargin juyin mulki, aka yi masa shari'a a asirce, ya rasu a kurkukun Abakaliki ranar 8 ga Disamba 1997, gawarsa aka kawo mana maƙabartar Ɗanmarna. Gwamnatin nan ce kuma ta tsare Sheikh Ibrahim Zakzaky a 1996.

Abin da ya fi ci mini rai, ko mutum ya yarda da aƙidar malamin ko bai yarda ba, shi ne mulkin farar hula bai daina wannan ɗabi'a ba, domin bayan an kuma tsare Zakzaky a karo na daban, a Disambar 2016 Babbar Kotun Tarayya ta ce a sake shi, amma ya ci gaba da zama a tsare har Yulin 2021.